Ƙullutu a ƙarƙashin fata: a bar shi, a huda shi, ko a kai shi tiyata?

Duk wanda ke zama a majalisar 'yan Arewa a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 ya san yadda ake yanke wa ƙullutu hukunci idan ya fito wa mutum a ƙeya ko a ƙirji. Wani ya ce maiƙo ne ya taru, a rage cin nama. Wani ya ce maruru ne bai nuna ba, a kai wa wanzami ya yi masa sakiya. Wani kuma ya sassauta murya ya ce a dai je asibiti, kada ya zama daji. Mai ƙullutu ya tashi da shawara uku, kowacce na jan sa gefe guda, ga shi kuɗin tiyata a Legas ba na wasa ba ne.

Kowacce cikin shawarwarin nan tana da inda ta dace. Akwai ƙullutun da barin sa ya fi taɓa shi alheri, akwai wanda huda ta ishe shi, akwai wanda in ba a ciro shi ɗungurungum ba sai ya dawo, akwai kuma wanda ɗora masa aska kafin a yi hoto ganganci ne da rai. Abin da ke rikita mutane shi ne daga waje duk kamarsu ɗaya.

Wanda nake magana a kai shi ne wanda likitoci ke kira sist. 'Yar jaka ce rufaffiya a cikin fata, tana da bango, cikinta kuma cike da wani abu, ko ruwa, ko maiƙo, ko matacciyar fata. Ba daji ba ne, ba ya yaɗuwa zuwa hanta ko huhu, ba a kuma ɗaukar sa daga jikin wani. A yawancinsu bangon jakar ne ke samar da abin da ke ciki, shi ya sa matse shi tamkar yashe rijiya ne alhali idon ruwan na nan, kwana kaɗan ka tarar ta kawo. Da bangon nan ne ma likitocin fata ke raba su gida uku idan sun duba a madubin likita. Gida na farko bangonsu irin na fata ne ko na tushen gashi. Na biyu bangonsu irin na bututun gumi ne ko na wasu hanyoyin cikin jiki. Na uku ba su da bango na gaske, ruwa ne kawai ya sami wuri ya kwanta. Sanin gidan da naka ya fito shi ne rabin zaɓin.

Biyun da aka fi gani

Sai an san na yau da kullum ake gane na jefi-jefi, don haka da su zan fara, kuma duka biyun 'yan gida na farko ne. Wanda ya fi kowanne yawa sunansa efidamoyid. Yana fitowa a fuska, wuya, bayan kunne, ƙirji da gadon baya. In ka tura shi da yatsa za ka ji yana tafiya tare da fatar da ke kansa, kuma sau da yawa akwai ɗan baƙin ɗigo a tsakiyarsa, wato bakin jakar. Abin da ke ciki fari ne, mai kauri, mai wari. Ba kitse ba ne, keratin ne, sinadarin da aka gina fata da gashi da farce da shi, saboda haka ba ruwansa da cin tsire ko balangu. Yana iya yin shekaru bai dami kowa ba. Ran nan sai bangon ya tsage daga ciki, keratin ya zuba cikin nama, jiki ya tashi yaƙi da shi, wurin ya kumbura ya yi zafi kai ka ce maruru. Galibi ba ƙwayar cuta ce ta shiga ba, shi ya sa mutum zai yi ta shan kafso daga kemis abin yana nan yadda yake.

A nan ne mutane ke gaggawar da ba ta da amfani. Ranar da ya kumbura ita ce ranar da mai shi ya fi son a yanke, ita ce kuma ranar da bai kamata a yanke ba, don bangon ya yi laushi ya manne da nama, ba zai fito gaba ɗaya ba. Abin da likita ke yi shi ne ya tsiyaye shi in ya tara mugunya, ko ya yi masa allurar sitiroyid ya lafa, a jira mako 4 zuwa 6, sannan a ciro jakar.

Na biyu shi ne filar, wanda ke tasowa daga kuben tushen gashi. Tara cikin goma a fatar kai suke fitowa. Ba shi da baƙin ɗigo, ya fi efidamoyid tauri da santsi, ya fi kama mata masu matsakaicin shekaru, yana bin jini, kuma ba kasafai yake zuwa shi kaɗai ba. Mata sukan gano shi wajen kitso, maza kuma ranar da aska ko kilifa ta ci karo da shi.

Na taɓa tsayawa kusa ana cire wa wani dattijo mai sayar da goro irin wannan a tsakar kai. Ba ya jin Turanci sosai, ɗan ƙanensa ne tafinta. Aka aske wurin, aka goge da magani, aka yi allurar kashe zafi a kewaye. Yaron ya ce, "Kawu, ya ce za ka ji ana ja, amma ba za ka ji zafi ba. Kada ka ɗago kai." Dattijon ya ce, "To, ɗana, ce masa ya yi bismilla." Likita ya tsaga fatar sama kaɗan, bai huda jakar ba, ya zura bakin almakashi ta gefe yana buɗawa a hankali, ya danna gefe biyu da yatsa, sai ga abin ya sulluɓo fari fat, a dunƙule, ko ɗigo bai zuba ba. Jini ya ɗan yi yawa, don haka fatar kai take, aka danne aka yi ɗinki uku. Wannan shi ne sist ɗin da tiyata ta fi yi wa daɗi: bangonsa mai kauri ne, in ya fito duka ba ya dawowa a wurin, tabon kuma gashi ko hula ya rufe. Wanda nasa ke hana shi sa hula ko taje kai, ban ga dalilin jira ba. In kuwa tsohon ƙullutun kai ya tashi girma da sauri ko ya fashe ya zama gyambo, ba zancen zaɓi kuma, cirewa za a yi a kai gwaji.

Idan ba ɗaya ba ne, barkatai ne

Lissafi yana canzawa gaba ɗaya idan saurayi ya cire riga aka ga ƙulle-ƙulle sun cika masa ƙirji. Cuta biyu ne ke yin haka, dukansu ba a cika ganin su ba, kuma ana rikita su da juna har a asibiti.

Ta farko ita ce siteyatosistoma mai yawa, sunan da wani likitan fata a Landan mai suna Pringle ya ba ta a 1899. Ita ce sist ɗin maiƙo na gaskiya, domin a jikin bangonta akwai ƙwayoyin da ke samar da maiƙon fata. Takan bayyana lokacin balaga, sa'ad da waɗannan ƙwayoyi suka farka, a tsakiyar ƙirji, hammata, wuya, damtse da matsematsi. Girmansu daga milimita kaɗan zuwa kamar santimita 3, suna da laushi, ba su da baki, in an huda kuma maiƙo ne ruwan ɗorawa ke fitowa, ba farin abu mai wari ba. Wani goma-goma ne, wani sun haura ɗari. A gidajen da abin ke bin jini, canji ne a ƙwayar gado mai sarrafa keratin 17, kuma in uba ko uwa na da shi, kowane ɗa damarsa rabi da rabi ce. A wasu gidajen yana zuwa tare da kaurin farce, har ma a haifi jariri da haƙori. Ya kamata a faɗi wannan a fili, saboda samari da 'yan mata masu shirin aure suna ɓoye shi da fargaba: ba cutar sanyi ba ce, ba ƙanjamau ba ne, ba sammu ba ne, kuma miji ba ya shafa wa mata.

Ta biyu ita ce sist ɗin gashin jarirai, wadda wata likita mai suna Esterly da abokan aikinta suka bayyana a Amurka a 1977. Su ƙanana ne sosai, milimita 1 zuwa 4, a ƙirji da hannuwa, a jikin yara da matasa, kuma a baƙar fata sukan fi fatar duhu kaɗan. Cikin kowanne akwai siraran gashi a nannaɗe. Mutane na ɗaukar su ƙurajen balaga, a yi ta shafa sabulu da mai ba canji. Gwajin mai sauƙi ne, a huda ɗaya, a shafa abin da ya fito a gilashi, a duba a madubin likita, a ga gashin. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu ita suna warkewa da kansu, sauran kuma likita kan gwada man shafawa mai laushe fata. Wannan ba ta kai a ɗauko wuƙa ba.

Siteyatosistoma ce ke da wuyar zaɓi, don ba ta tafiya da kanta, kuma inda ta fi so shi ne inda fatarmu ta fi saurin yin kiloyid, tabon nan mai tasowa ya wuce iyakar ciwon, mai ƙaiƙayi da tauri. Tsakiyar ƙirji, kafaɗa, saman baya, haɓa da fatar kunne su ne wuraren haɗari, kuma baƙar fata ta fi farar fata yin sa nesa ba kusa ba. Wanda ya yarda a yanke masa ƙullutu talatin a ƙirji yana iya musanya abin da riga ke ɓoyewa kuma ba ya ciwo da tabo talatin masu ciwo, waɗanda suka fi asalin cutar wuyar magani.

Ga yadda hanyoyin suke idan aka auna su. Zuƙe maiƙon da allura ba ya barin tabo, yana da sauƙin kuɗi, amma jakar na nan, za ta sake cika. Ƙaramar tsaga ta milimita 2 ko 3, a matse maiƙon sannan a jawo bangon da ɗan hantsaki, ita ce ta fi daidaita amfani da illa, sai dai tana son hannun da ya saba, kuma ba a gama su a zama ɗaya. Leza, wato na'urar da ke ƙonawa da haske, tana iya yin da yawa lokaci guda, amma a fatarmu takan bar duhu ko haske a wurin, ga tsada, ga ba kowane mai na'urar ne ya san baƙar fata ba. Ƙonawa da iskar sanyi, wadda ake yi wa Turawa ba tare da tunani mai yawa ba, tana kashe ƙwayoyin launi ta bar farin tambari, ni dai ba zan zaɓe ta a inda ido ke gani ba. Akwai kuma ƙwayar aisotiretinoyin, wadda ke taimakon wanda nasa ke yawan kumbura suna fashewa a hammata da matsematsi. Ba ta ɓatar da ƙullutun, kuma tana nakasa jaririn da ke ciki ƙwarai, saboda haka mace mai aure ko mai shirin aure kada ta kusance ta sai da likitan fata da tsarin hana ɗaukar ciki.

In da ƙanena ne ke da ita, abin da zan ce masa shi ne ya ware waɗanda suka dame shi da gaske, na wuya da fuska da wanda igiyar jaka ko ɗamara ke gogawa, ya bar sauran. Kuma a fara da ɗaya a wurin da ba ya nunawa, a jira watanni a ga yadda fatar ta warke, domin kiloyid ba ya fitowa a makon farko. Wanda ya riga ya san jikinsa na yi, daga hujin kunne ko tsagar wanzami ko tabon rigakafi, ya faɗa tun kafin a taɓa shi.

Na gefen ido, da zafin Legas

Haidirosistoma daga gida na biyu take, daga bututun gumi. A 1893 wani likita a Amurka mai suna Robinson ya bayyana ta a fuskar matan da ke aiki cikin zafi da tururi, irin masu wanki. Wanda ya san Legas daga Fabrairu zuwa Afrilu, da laimar da ke hana gumi bushewa, ba zai yi mamakin ganin ta a nan ba. Dubi mace mai sayar da abinci a bakin kasuwa, tun asuba tana kan tukunyar shinkafa da kaskon suya. A ƙarƙashin idanunta da saman kumatu za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle masu sheƙi, kamar ruwa ya maƙale a ƙarƙashin fata, wasu da ɗan shuɗi-shuɗi. Da rana tsaka sun cika sun yi tsaye, da sassafe ko ranar da aka wuni ana ruwa sun kwanta. In ta je gida Arewa lokacin hunturu sai su kusa ɓacewa, ta dawo su dawo. Wannan hawa da saukar shi ne babbar alamarta.

Iri biyu ce. Mai yawa ɗin nan mai bin yanayi, da kuma ɗaya tilo da ta fi girma, har zuwa santimita 1 da rabi, a bakin fatar ido, wadda zafi ko sanyi bai dame ta ba. Tilon a cire ta, aiki ne ƙarami a hannun likitan ido, kuma a ba shi ɗin, don bakin fatar ido in ya warke a karkace gashin ido ya riƙa sukar ƙwayar ke nan. Mai yawa kuwa ba a bin ta da yanka. Huda tana sauke ta na ɗan lokaci. Akwai man atirofin da ke rage gumi, amma in ya shiga ido yana buɗe ƙwayar ya dusashe gani, ba abin saya a kemis a shafa ba ne. Allurar Botox, wadda ita ma ke rage gumi, tana aiki na watanni sannan a sake, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin mai abinci. Ga mafi yawan mata, matsar da murhu inda iska ke ratsawa da wanke fuska da ruwan sanyi shi ne abin da ya dace da aljihu, tunda abin ba ya cutarwa.

Kada a haɗa ta da hazbiya, wadda ke zuwa da zafi da ja ta tafi cikin kwanaki. Kada kuma a haɗa ta da miliya, farare ƙanana masu tauri na milimita 1 ko 2, waɗanda jarirai da yawa ke zuwa da su a hanci su ɓace cikin makonni. A jikin manya miliya kan biyo bayan ƙuna, ko doguwar shafa mai mai sitiroyid, kuma da yawa cikin mayukan bilicin da ake haɗawa a kasuwa suna ɗauke da shi. Mai shafa irin wannan ta gaya wa likita gaskiya kafin kowace tiyata, don fatar ta yi siriri, ɗinki ba ya kama ta da kyau. Zabiya kuma hukuncinsa daban: duk wani tsiro mai sheƙi a fuskarsa a yanki kaɗan a gwada, domin dajin fata na kama su da wuri kuma yakan fara da irin wannan kama.

Na yara, inda ba a yarda da gwaji ba

Idan aka haifi yaro da ƙullutu, ko ya bayyana kafin ya kai shekara 5, ajiye duk abin da na faɗa a sama. Da yawansu tun a ciki suka samu, lokacin da sassan fuska da wuya ke haɗuwa. Damoyid shi ne sananne, ya fi zama a ƙarshen gira ta wajen kunne, ba ya ciwo, cikinsa har gashi da maiƙo akwai. Na ƙarshen gira yawanci cire shi ba wuya, ana sa rana a yi. Amma wanda ke kan karan hanci, ko tsakiyar kai, ko ƙeya, ko kan layin ƙashin baya, yana iya samun siririyar hanya da ta ratsa ƙashi ta kai ga rigar ƙwaƙwalwa. Dole a yi hoton MRI ko CT kafin a taɓa. In an huda shi a gida, ƙwayar cuta ta sami ƙofa kai tsaye, sanƙarau ke nan. Wani ma ba sist ba ne, ɓangaren ƙwaƙwalwa ne ya leƙo, alamarsa yana ƙara tasowa idan jaririn na kuka. Ranar suna wanzami na zuwa aski da sauran al'ada, wannan ita ce ranar da uba ya kamata ya ce, "Malam, wannan wurin a bar shi, likita zai gani."

A tsakiyar wuya ta gaba akwai wani da ke hawa sama idan yaro ya haɗiye miyau ko ya zaro harshe. Ragowar hanyar da ƙwayar maƙoƙo ta bi ta sauko ne. In aka cire ƙullutun kaɗai yana dawowa, shi ya sa tun 1920 likita Sistrunk ya tsara a haɗa da tsakiyar wani ɗan ƙashi da ke ƙarƙashin harshe, kuma har yau haka ake yi, bayan an yi sikanin an tabbatar ƙwayar maƙoƙon tana inda ya kamata. Akwai makamancinsa a gefen wuya, da wani a ɗan ramin da ke saman ƙashin ƙirji. Duk aikin likitan tiyatar yara ne ko na kunne, hanci da maƙogwaro.

Abu guda kuma da iyaye ba su cika sani ba: yaron da bai balaga ba amma efidamoyid sun fito masa da yawa a fuska da kai da ƙafafu, musamman in a dangi akwai wanda dajin hanji ya kashe da ƙuruciya, a kai shi a duba hanjinsa. Wata cutar gado mai suna Gardner na iya yin haka, kuma ƙullutun fata kan riga matsalar hanjin bayyana da shekaru.

Gida na uku, marasa bango, ba su da dogon bayani. Na bayan wuyan hannu mai tauri, ganguliyon, ruwan gaɓa ne, da yawa suna tafiya da kansu, kada a buga masa komai. Na gindin farce a yatsun tsofaffi yana haɗe da gaɓar yatsa, huda shi da allurar ɗinki na iya kai ƙwayar cuta cikin gaɓar. Na cikin leɓe daga cizo ne ya toshe hanyar miyau, in ya ƙi tafiya likitan haƙori ya cire.

Sannan ba kowane ƙullutu ne sist ba. Laifoma dunƙulen kitse ne mai laushi da ke zamewa a ƙarƙashin fata, in an huda ba abin da zai fito. Kaluluwar wuya da ta wuce makonni, ga rama ga gumin dare, a gwada tarin fuka, maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Wanda ya tashi a ƙauyen bakin kogi mai gudu, ya ga ƙulli mai tauri a kan ƙugu ko haƙarƙari ga ƙaiƙayi, ya ambaci garinsu, don tsutsar makantar kogi na yin haka kuma likitan Legas ba lallai tunaninsa ya je can ba. Ƙurajen ƙeya masu tauri da ke biyo bayan aski kuwa dangin kiloyid ne, yanka su a shago ƙara musu ƙarfi yake.

Hannun wa za a ba

Wanzami yana da araha, yana jin yarenka, yana zuwa har gida. Abin da ya iya shi ne buɗewa da tsiyayewa, kuma ga maruru na gaske hakan na kawo sauƙi. Ga sist kuwa jakar na nan, kuma kowace sakiya tana ƙara manne ta da nama, ta yadda ranar da aka je asibiti tsagar za ta fi tsawo. Ga haɗarin askar da ta taɓa wani, ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau, ga sandarewar wuya in ba a yi rigakafi ba. Mai kemis da ke yanka a bayan kanta bai fi shi ba, illa dai ya ƙara da allura.

Likita na gama-gari a babban asibitin gwamnati, irin na Orile Agege ko Gbagada, ya isa ga efidamoyid ko filar guda ɗaya a baya ko a kai. Allurar kashe zafi ce, ka taka da ƙafarka ka koma gida a ranar. Idan kuwa suna da yawa, ko a fuska suke, ko ba a gane irinsu ba, likitan fata ake nema, kuma akwai su a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, maƙwabcin unguwar Hausawa, da LASUTH a Ikeja. Asibitin ƙashi na Igbobi yana da sashen tiyatar gyaran fata, wanda ya dace da mai tsoron kiloyid. Asibitocin koyarwa suna son takardar turawa daga ƙaramin asibiti, kuma akwai layi da jiran rana. Na kuɗi ya fi sauri, amma ka tambaya tun farko ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da gwajin naman da cire zare. Mai katin Ilera Eko, wato inshorar lafiya ta jihar Legas, ko inshorar wurin aiki ya fara tambayar asibitin da ya yi rajista.

Jira ba laifi ba ne ga ƙullutun da ya shekara bai canza ba, yana motsi, ba ya ciwo. Wanda ba a jira da shi shi ne mai girma cikin makonni, mai taurin da ba ya motsi, wanda ya haura santimita 5, mai zubar da jini, ko wanda aka cire ya dawo. Mai ciwon suga ma kada ya zauna da wanda ya kumbura.

Ranar zuwa, ka tafi da amsar tambayoyin da za a yi maka: yaushe ya fara, ya taɓa fashewa, me ya fito, wa ke da irinsa a gida, kana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini. In Turanci ko Yarabanci na ba ka wuya ka tafi da tafinta, mace kuma tana da damar neman a sa ma'aikaciya mace a ɗakin. Bayan an cire, ka nemi a sa abin a kwalba a kai ɗakin gwaji, kuma ka koma ka karɓi sakamakon, don shi ne kaɗai ke tabbatar da ko efidamoyid ne ko siteyatosistoma ko wani abu daban, da ko ya kamata a duba 'ya'yanka. Zaren fuska ana cire shi cikin kwana 5 zuwa 7, na kai 7 zuwa 10, na baya har 14, kuma mai dako ko ɗan acaba ya ɗaga wa ɗinkin baya ƙafa kada ya ɓalle. In bayan wata ɗaya ko biyu tabon ya fara ƙaiƙayi yana tauri yana tasowa, a koma a fara allurar sitiroyid a cikinsa tun yana ƙarami.